Baghban: me ya hana masu sharhi ganin soyayyar Raj da Pooja?

Maman Sadiƙ

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna bin finafinan Indiya, musamman masu karanta abin da masu sharhi ke rubutawa. Me ya sa duk sanda aka ɗauko maganar Baghban sai a mayar da shi labarin 'ya'yan da suka yi wa iyayensu butulci, a tsallake miji da matar da suka shekara arba'in tare kuma har gobe kowannensu bai gaji da ganin ɗan'uwansa ba?

Ga wanda bai gani ba, ya fito ne a watan Oktoba na 2003. Ravi Chopra ne darakta, mahaifinsa B.R. Chopra ya ɗauki nauyi. Amitabh Bachchan ne Raj Malhotra, ma'aikacin banki, Hema Malini ce matarsa Pooja. A cikin watan da fim ɗin ya fito shi ya cika shekara 61, ita ta cika 55, kuma rabon da a haɗa su a matsayin masoya tun farkon shekarun 1980. 'Ya'yansu huɗu duk maza, sai wani maraya, Alok, da suka ɗauki nauyin karatunsa, shi ne Salman Khan. Raj ya juye duk abin da ya tara a kan 'ya'yan, har gidan da suke ciki ma na haya ne. Da ya ajiye aiki ya tara su ya ce to, a wurin wa za mu zauna? Sai suka haɗa kai suka yanke cewa uba ya tafi gidan wannan, uwa gidan wancan, bayan wata shida a sauya musu wasu gidajen. Sun zaci iyayen za su ƙi, su huta. Iyayen suka amince.

Sharhin da aka yi masa a lokacin, rabi yabo ne rabi suka. Wajen wasan Amitabh da Hema kusan bakinsu ɗaya, kowa ya yaba. Daga nan sai a shiga lissafin laifuka: ya yi tsawo, kusan awa uku, labarin tsohon yayi ne, an riga an ga irinsa a Avtaar na 1983, an cika matsa wa mai kallo sai ya yi kuka, an cusa tallar banki da ta ganyen shayi a tsakiyar labari, 'ya'yan da matansu kuma babu ko ɗigon alheri a tare da su. Jama'a ba su saurara musu ba, fim ɗin ya shiga sahun waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarar. A bikin kyaututtukan finafinan Indiya na Filmfare na 2004 an sa sunayen su biyun a takara, amma kyautar jarumi ta tafi ga Hrithik Roshan, ta jaruma ga Preity Zinta.

Bayan shekara ashirin sai ga wani sabon salo daga matasan Indiya a intanet. Su cewa suke yi wannan ne fim ɗin da iyaye ke kunnawa a falo in suna son su sa 'ya'yansu jin laifi, kuma Raj shi ya jawo wa kansa tunda bai yi tanadin tsufa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na da da na yanzu duk a kan 'ya'ya suke gardama. Wani ya ce an zalunce su, wani ya ce sun cancanci abin da ya same su. Soyayyar kuwa jimla ɗaya ake ba ta, a ce "sun dace da juna", a wuce. Alhali in ka cire ta babu abin da ya rage a fim ɗin.

Ku tuna yadda aka fara. Mace mai jikoki ta yi kwalliya tana jiran mijinta ya dawo daga aiki, ta buɗe ƙofa tun kafin ya danna ƙararrawa, don ta san lokacinsa. Ku tuna da aka raba su, wasiƙarta ta iso masa tabaransa a fashe, ya riƙe takardar ya kasa karantawa, ɗansa ya ce babu kuɗin gyara a wannan watan, sai jikansa ƙarami ne ya ji tausayinsa. Abin da ya dame shi a ranar ba tabarau ba ne, maganar matarsa ce a hannunsa ya kasa kai wa gare ta. Sannan daren Karva Chauth, azumin da matan Hindu ke yi wa mazajensu tun safe har fitowar wata. Shi ma ya yi azumin saboda ita. Mutanen gidan suka fita abinsu ba su bar masa komai ba, ya kira ta a waya yana ƙwanƙwasa cokali a faranti wai yana cin abinci don hankalinta ya kwanta, ita kuma ta gane ƙarar farantin da babu komai a ciki. Ni ba addinina ba ne, ba al'adata ba ce, amma duk matar da ta daɗe a ɗakinta ta san yadda ake gane ƙaryar miji irin wannan, ƙaryar da ake yi don tausayi. Ga waƙar da suka rera wa juna ta wayar tarho. Ga ranar da za a sauya musu gidaje, suka sauka daga jirgin ƙasa suka haɗu a wani gari, babu wanda suka gaya wa.

A ganina zaluncin da aka yi musu ba na abinci ba ne, ba na baƙar magana ba ne. Ko da kowannensu an ba shi ɗakin da ya fi kowane kyau a gidan, da direba da likita, rabawar ita kaɗai ta isa zalunci. Wannan ne masu sharhi ba su tsaya a kai ba, kuma shi ne ya shafe mu. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, a ɗakin kwantar da maza na fi daɗewa. Na sha ganin an kawo tsoho daga ƙauye, ɗansa na birni ya biya komai, Allah ya saka masa. Da an sallame shi sai a ce Baba zai zauna a nan saboda ganin likita, Inna kuma ta koma gida, ko ta wuce wajen 'yarta da ta haihu. Wata uku ya zama shekara. A tattauna kuɗin magani, a tattauna wa zai riƙa kai shi awon jini, amma ban taɓa jin an juya an tambayi su biyun ko za su iya ba. Mu a wurinmu da zarar mutum ya yi jika ya tashi daga miji ya zama Baba, ta tashi daga mata ta zama Inna, shi ke nan.

To tambayata biyu ce. Masu sharhin ne ba su gani ba, ko fim ɗin ne ya ɓoye abin da ya fi kyau a cikinsa? Sannan a namu finafinan, dattawa kullum a kujerar falo nake ganinsu suna yanke hukunci a kan auren yara, ko suna tsine wa wani, ko suna sa albarka. Wa zai ba su nasu labarin?

Abba Hotoro

Wa alaikumus salam Mama. Allah ya ƙara girma. Ni ina cikin waɗanda suke ganin masu sharhin sun yi daidai, ki yi mini uzuri in faɗi dalili.

Darakta ne ya nuna musu inda za su kalla. Ki duba yadda ya rufe fim ɗin. Raj ya rubuta littafi a kan abin da ya same shi, littafin ya karɓu, kuɗi suka shigo, 'ya'yan suka dawo da kwaɗayi, shi kuma ya hau mumbari a gaban jama'a ya yi dogon jawabi ya ce bai yafe ba. Ita ma uwar ta juya musu baya. In da soyayya ce gaban daraktan, da a tashar jirgin nan ya tsaya. Bai tsaya ba, sai da ya kafa kotu. Mai sharhi kuma abin da aka ba shi a ƙarshe shi yake fita da shi daga silima.

Kuma ya sauƙaƙa wa kansa shari'ar. 'Ya'yan Raj suna da manyan gidaje da motoci, don haka babu wani uzuri da za su kawo. Mu fa? Mahaifinmu ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, garatutinsa sai da ya shekara da shekaru yana bin ofis kafin ya ga wani abu, fanshon kuma ba ta kai kuɗin maganin sugarsa. Damina ta rushe ɓangaren gidanmu na gado. Ni ɗaki biyu nake haya, da mata da yara uku. Yayana yana wani gari, shi ma ɗaki biyu. Umma tana wurina tana kwana da yara, Baba yana wurin Yaya saboda can ya fi kusa da asibitin da yake zuwa. Wallahi babu wanda ya zauna ya ƙulla musu makirci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar da aka kunna fim ɗin nan a gidan wani kawunmu, duk manyan da ke wurin mu suke kallo, ba talabijin ba. Shi ya sa na fahimci matasan Indiyan da kika ambata. Ba iyayensu suka tsana ba, sun gaji ne da a nuna cewa ɗa ko dai mala'ika ne irin Alok, ko kuma shaiɗani.

Maganar rabawa kuwa ban musa ba. Kowane dare bayan isha'i Umma takan ɗauki wayarta ta fita tsakar gida, kuma katin da nake saka mata ba ya kwana huɗu. Na san da wa take magana. Amma sani daban, iko daban.

Malam Nuhu Samaru

Hajiya Maman Sadiƙ, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta farko tana da amsa a tarihi, domin wannan labarin an taɓa yin sa, kuma abin da ya same shi kishiyar abin da ya sami Baghban ne.

A 1937 wani daraktan Amurka, Leo McCarey, ya yi Make Way for Tomorrow. Tsoho da tsohuwa, Barkley da Lucy Cooper, shekara hamsin da aure, banki ya ƙwace gidansu. 'Ya'yansu biyar, babu mai iya ɗaukar su biyun, sai aka raba su. A ciki tabaran tsohon ya fashe, sai wani abokinsa mai kanti ya karanta masa wasiƙar matarsa. A ciki akwai hirar waya da ke sa baƙin da ke falo su yi tsit. A ciki akwai yini ɗaya da suka ɓace wa 'ya'yansu a birnin New York, wani dillalin motoci ya zaga da su, suka koma otal ɗin da suka sauka suna ango da amarya. Duk wanda ya ga Baghban zai gane waɗannan wuraren. B.R. Chopra dai ya ce tunanin nasa fim ɗin ya zo masa ne da ya ziyarci wani gidan tsofaffi a Copenhagen, kuma da farko Dilip Kumar ya so ya saka. Kamannin dai a fili suke, an kuma sha yin magana a kansu.

Bambancin a wuri biyu yake. Na ɗaya shi ne abin da Abba ya faɗa. 'Ya'yan Cooper ba mugaye ba ne. Gidajensu ƙanana ne, lokacin kuma na matsin tattalin arziki ne, surukar tana da nata uzurin, tsohuwar ma tana da halin da ke gundurar mutane. Mai kallo ba ya samun wanda zai tsana, sai ya ga kansa a ciki. Na biyu shi ne ƙarshe. Babu littafi, babu kuɗi, babu Alok. Shi za a tura shi California wajen wata 'yarsu, ita za ta shiga gidan tsofaffi kuma ta ɓoye masa. Suka yi sallama a tashar jirgi, kowannensu ya san da wuya su sake haɗuwa. Shugabannin kamfanin Paramount sun matsa wa McCarey ya sauya ƙarshen, ya ƙi.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba. A bikin 1938 McCarey ya ci Oscar ta darakta da wani fim ɗinsa na barkwanci, ya karɓa yana cewa sun ba shi ne a kan fim ɗin da bai kamata ba. Amma masu sharhi da daraktoci suka riƙe shi. Daga gare shi marubucin fim ɗin Japan Tokyo Story na darakta Yasujiro Ozu, 1953, ya sami haske, kuma a 2012 daraktocin duniya suka zaɓi Tokyo Story a matsayi na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound. A 2010 aka shigar da na McCarey cikin rajistar finafinan da Amurka ke adanawa. Kin ga labari ɗaya: wanda ya bar tsofaffin a rabe, masu sharhi suka ɗaukaka shi jama'a suka guje shi, wanda ya haɗa su ya rama musu, jama'a suka cika silima masu sharhi suka taɓe baki.

Ki ƙara da Amour na Michael Haneke, 2012. Georges da Anne, malaman kiɗa da suka yi ritaya, sun haura tamanin, a gidansu a Paris. Ɓarin jikinta ya shanye, ta sa shi ya yi mata alkawarin ba zai mayar da ita asibiti ba. Yana ɗaga ta, yana ba ta abinci a baki, tana ta raguwa a gabansa, a ƙarshe ya danne ta da matashin kai. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, ya ci Oscar ta fim ɗin harshen waje a 2013, Emmanuelle Riva kuma tana da shekara 85 aka sa ta takarar jarumar shekara. An sami masu cewa fim ɗin babu tausayi a cikinsa, amma su ne marasa rinjaye.

Don haka amsata ita ce duka biyun. Masu sharhi suna da wata ɗabi'a: sun fi girmama soyayyar tsofaffi in ta zo da ciwo, rabuwa ko mutuwa. In tsoho ya yi wa matarsa waƙa ranar Holi, bikin Hindu, yana tsokanarta kamar a Baghban, sai a ga kamar ba abin ɗauka da muhimmanci ba ne. A nan kina da gaskiya. Amma shi ma Ravi Chopra bai yarda soyayyar za ta iya riƙe fim ita kaɗai ba, shi ya sa ya jingina ta da ramuwa. Ni na fi ɗora masa laifin a kan masu sharhin.

Iya Hajiya

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ita ta karanta mini duk abin da kuka ce. Maman Sadiƙ, Allah ya yi miki albarka 'yar nan.

Na ga fim ɗin a faifai shekarun baya, da Alhaji yana raye. Rawar ba ta dame ni ba, al'adarsu ce. Abin da na ce a lokacin shi ne waɗannan ba su tsufa ba tukuna. Mai shekara sittin da ke tsalle haka, gwiwa lafiya, ido lafiya in ban da tabarau, babu hawan jini, babu tashin dare sau huɗu? Matar kuwa ko furfura ba a bar mata ta kirki ba. In da zan yi musu gyara a nan zan yi, ba a maganar 'ya'ya ba. Soyayyar tsufa ta fi yawa a "ka sha maganinka?" da "bari in shafa miki man zafi". Wancan na Faransa da Malam ya ba da labari ya kama wannan, amma ƙarshensa a'uzubillahi. Rai ba na miji ba ne. Na yi jinyar Alhaji shekara biyu yana kwance, na juya shi, na wanke shi, ban taɓa jin cewa ƙarshen ƙauna ke nan ba. Ina mamakin a ce wannan ne aka tara wa kyaututtuka.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta mini. Alhaji ya rasu muna da shekara 39 da aure. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma, 'ya'yana suka gyara mini sashena, ba abin da na nema na rasa. Bayan wasu shekaru wani dattijo a unguwarmu, abokin Alhaji ne, matarsa ita ma ta rasu, ya aiko. Na ji ina so. Da na faɗa, babban ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, Iya me kika rasa? Matan suka ce za a yi da su a gari. Ƙaramar har kuka ta yi wai na manta da babansu.

Me na rasa? Wanda ya san mutanen da na sani. In na ce wance ta rasu, 'ya'yana su ce Allah ya ji ƙanta su ci gaba da danna waya, don ba su san ta ba. Shi kuwa zai ce wance 'yar gidan wane, wadda aka kai ta ranar da aka yi ruwan nan? Sai mu yi awa muna hira. Wannan ba a saye da kuɗin ɗa.

Ba su yarda ba sai da limamin unguwa ya kira su ya ce sunna ce, kuma ya fi mata ta cika da igiyar aure a kanta. Nan take kowa ya sauko. Na gode wa liman, amma ku lura: da aka ce lada ce sun karɓa, da na ce so ne sun ƙi. Aka ɗaura, irin auren nan na ɗauki sandarka, ina ɗakina yana gidansa, yakan zo bayan la'asar ya tafi bayan isha'i, wani lokacin ya kwana. Yanzu shekararmu shida.

Masu sharhin nan da kuke faɗa, ina jin yawancinsu yara ne a lokacin. Yaro in ya kalli fim ɗin nan kansa yake nema a ciki, kansa kuma yana wajen 'ya'yan.

Abu Ammar

Iya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar lada da so, don kada a ɗauka addini ne ya raba su. A Suratur Rum, aya ta 21, Allah ya ce ya sanya ƙauna da rahama a tsakanin ma'aurata, bai sa wa abin shekaru ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna da Nana Khadija kimanin shekara 25, bayan rasuwarta kuma bai daina ambatonta ba, har in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta, Nana A'isha da kanta ta ruwaito. Kunyarmu ta Hausa abu ne mai kyau, ita ta hana iyayenmu nuna wa juna so a gabanmu. Kuskuren namu ne da muka ɗauka abin da ba a nuna mana ba babu shi.

Inda ban bi fim ɗin ba shi ne ƙin yafiya. Uba ya tsaya a bainar jama'a ya yanke 'ya'yansa, a tafa masa, wannan ba abin koyi ba ne ko da sun yi laifi.

Maman Sadiƙ

Na gode muku duka. Iya, na karanta naki sau biyu. Gyaran da kika yi na lafiyar jikinsu gaskiya ne, kuma ni da na yi aikin asibiti na fi kowa sanin haka. Ki gaida mana Baba.

Malam Nuhu, na ƙaru ƙwarai, ban san da na 1937 ba. Amma ban yarda a ce haɗa su da aka yi a ƙarshe rauni ne ba. Jawabin da ƙin yafiyar, waɗannan na bar muku, kai da Abba da Abu Ammar kun gamsar da ni cewa su suka janye idon mutane. Haɗuwar kuwa ina nan a kanta. Me ya sa sai tsofaffi sun rabu a tasha ko ɗaya ya mutu kafin a ce fim ya faɗi gaskiya? Ga Iya nan, tata gaskiyar ba ta ƙare a haka ba. Mutanen da suka cika silima a 2003 ba wawaye ba ne. Da yawansu sun je ne su ga mutum mai furfura yana kewar matarsa ba tare da an mayar da shi abin dariya ba, kuma ba kasafai ake ba su hakan ba. Mai sharhin da ya ƙirga tallar ganyen shayi amma ya ba wannan jimla ɗaya, bai yi aikinsa duka ba.

Abba, ɗana, ban sa ka cikin 'ya'yan Raj ba, kuma na san halin da ake ciki. Shawara ce kawai irin ta uwa. Ku zauna kai da yayanka da sauran 'yan'uwanku ku lissafa abin da kowa ke kashewa yanzu, kuɗin mota na zuwa dubiya da katin waya da sauransu, ku ga ko zai kama ɗaki ɗaya kusa da gidan yayan naka, inda asibitin yake, su zauna su biyu. Ko a fara gyara ɗaki ɗaya a gidan gadon kafin sauran. Kafin nan ka sami Umma ita kaɗai ka tambaye ta. Za ta ce maka babu komai, duk inda kuka ajiye ta daidai ne. Kada ka tsaya a amsar farko, ka aika matarka ko wata ƙanwarta ta sake tambaya.

Malam Nuhu, in akwai inda ake samun na McCarey ɗin da rubutun fassara a ƙasa, don Allah ka sanar da ni.